Naira Dubu Mai Ɗinkin Jan Zare

Alhamis: Ƙaura zuwa Shinkafi

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida, ana fitowa daga sallar asuba, da naira dubu ɗari bakwai cikin tsohuwar safa ɗaure a ƙugu. Duk wanda ya san ni a Ƙaura ya san ba ma ga maciji da banki. Su cire na saƙo, su cire na kati, su cire na abin da su kansu ba su san sunansa ba. A makarantar firamaren da nake koyarwa Malam Bello Ƙulli ake ce mini, kuma ina amsawa. Da likita ya ce yanar da ta rufe idon Inna sai an yi aiki, aka kuma ba mu labarin wani asibitin ido a Maraɗi da ba a dogon jira, na daure na shiga banki na tambayi yadda zan ciri kuɗi a can. Ma'aikaciyar ta jero mini caji iri uku, ta ƙara da cewa ba ta da tabbas katin zai yi aiki. Na yi godiya na kama gabana.

Motar Shinkafi ba ta tashi ba sai takwas da minti goma, don ba direban da ke shiga hanyar sai motar sojoji ta wuce. Mun isa goma saura, kasuwa ta fara cika. Alhaji Mamman mai canji yana bayan 'yan albasa, ba shi da komai a gabansa sai tabarma da waya biyu. Ya karɓi nairata, ya kira abokin hulɗarsa na Maraɗi ina ji.

"In ka isa, ka nemi Alhaji Isuhu bakin babbar kasuwa," in ji shi. "Jikka ɗari biyu da tamanin za ya ba ka. Jikka guda sefa dubu ta. Kak ka ɗauki ko sisi bisa hanya, mutanen daji na da masu gani cikin tasha."

"Takarda fa, Alhaji?"

"Wace takarda? Ka ce mai sunan tsohuwa, shi ke nan."

Na dawo Ƙaura aljihu fayau, ina jin daɗin banki bai ci ko kwabona ba.

Asabar: Ƙaura, Zurmi, Jibiya

Sai na gaya muku wani abu kafin mu shiga mota. Damina biyu ke nan da aka ɗauke ƙanena Sani a gonarmu ta wajen Kurya Madaro. Aka yanka kuɗin fansa miliyan huɗu. Muka sayar da gona ɗaya da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo, Inna ta kwance ɗan abin da ta tara daga ɗinkin hula tun idonta na gani. A cikin kuɗinta akwai wata naira dubu da ta rabe biyu, ta haɗe ta da jan zaren hula. Na ce mata ba za su karɓa ba, ta ce in saka. Ni na ɗauki kuɗin cikin buhun taki, na ajiye a gindin kukar da aka kwatanta mini, na juyo ban waiga ba kamar yadda aka umarce ni. Sani bai dawo ba, lambar da ake kiranmu da ita ta mutu.

Sai magana ta fara yawo a gari, wai da irin maƙon Bello, wa ya san ko buhun ya isa. Inna ba ta taɓa furta mini komai ba. Amma tun daga ranar ba ta sake karɓar wani abu daga hannuna ba, ko kofin ruwa, sai dai in ba matata ta miƙa mata. Wannan ya fi duk zagin gari yi mini ciwo.

Da za mu fita na miƙa hannu zan riƙe ta, sai ta miƙo mini kan sandarta. Haka muka shiga tasha, ina gaba da kai ɗaya, tana baya da ɗayan.

Ƙaramar mota ce, mu bakwai da direba, naira dubu tara kowane kai har Jibiya. Takwas da rabi muka tashi, tara da kwata muna Zurmi. A shingen fita gari aka tsayar da mu sai da motoci goma sha ɗaya suka taru, sannan aka sake mu a jere. Direban ya kashe rediyo, ya sauke gilasai duka.

"Don mi, direba?" wata mata ta tambaya.

"Don in ji ƙarar babur, Hajiya."

Ban taɓa jin shiru irin na wannan hanya da rana tsaka ba. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, turmi a tsakar wani gida da taɓarya a ciki, ba ko kaza. Dawa ta nuna a gonaki ta sunkuyar da kai, ba mai yanka. A wani wuri akwai takalmin roba ƙafa ɗaya a tsakiyar kwalta, duk motocin suka kauce masa. Inna ba ta ga ko ɗaya ba, amma ta juya fuskarta wajen dajin da ake cewa nan ake kai waɗanda aka ɗauke, ba ta kawar ba.

"Nan na, ko?" ta ce, ba da ni take ba.

"Nan na, Inna," in ji direba.

"In an gyara min idon ga, ko cikin mutum dubu na ga Sani na gane shi."

Sha ɗaya da rabi muka shiga Jibiya, kowa ya saki numfashi. Daga Magama, bakin iyaka, babura suka tsallaka da mu, sannan wata tsohuwar mota ta kwashe mu. Jandarmomi sun duba katinmu sau biyu. Ana kiran azahar muka shiga Maraɗi.

Maraɗi

Alhaji Isuhu dogo ne mai sanyin murya. Na faɗa masa sunan Inna, "Hajiya Ta-Allah," ya buɗe akwati ya ƙirgo jikka ɗari biyu da tamanin cif, ya kuma ba mu ɗaki a gidansa kyauta. A ranar na ji kamar in koma bankinmu in ba su labari. Iyalinsa suka aiko mana da fura da kwaɗon zogale, da safe kuma dogon burodin nan nasu mai tauri da shayi.

Litinin aka yi wa Inna aiki a idon dama. Talata da hantsi aka cire bandeji. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ta kalli bango, ta kalli ma'aikaciyar jinya ta sa mata albarka. Ni ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Aka ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa.

Bayan an biya komai jikka sittin ta rage. Alhaji Isuhu ya ce zai mayar mini da ita naira a kan dubu biyu da ɗari huɗu kowace jikka, in karɓa a Shinkafi. Na lissafa na ga ɗari ɗari na zuba a kowace, halin ya motsa. Na ce masa bari in ɗan duba gari.

"Duba, Malam," ya ce. "Amma in ka ga hwarashi ya yi daɗi da yawa, ka tambayi kanka dalili."

Laraba: tashar komawa

Ƙarfe goma na safe muna zaune muna jiran mota ta cika. Can gefe, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, wani mutum na zaune a kan babur, ya naɗe fuska da rawani sai idanu, da buhu a ɗaure a bayansa. Na lura inuwar bishiyar na da faɗi, rana kuma ta take, amma ba wanda ya raɓe ta sai shi kaɗai. Ya yafito ni.

"Sefa gare ka? Dubu uku nika ba jikka."

Dubu uku! Zuciyata ta ce ga ribar tafiya. Na miƙa masa jikka sittin, ko dubawa bai yi ba ya cusa a aljihu. Ya zura hannu cikin buhu ya damƙo ɗaure biyu, ya zare kaɗan daga ɗaya, ya ba ni. Takardun da sanyi a hannu kamar an tono su daga rami, suna warin ƙasa da hayaƙi.

"Mutanen Ƙaura na ku," ya ce. Ban gaya masa ba. "Ku bi ta Zurmi. Yau hanya lahiya lau take har la'asar."

Yadda ya faɗe ta ba fata yake yi ba, sanarwa ce. Na tsuguna ina ƙirga da sauri, sai na ji sandar Inna a bayana. Ta ɗaga tabarau, tana gwada sabon idonta a kan takardun da ke wucewa tsakanin yatsuna.

"Tsaya," ta ce.

Na tsaya. Ta sa yatsa biyu ta zare guda ɗaya. Naira dubu ce, ta yi baƙi ta yi laushi, an haɗe tsakiyarta da jan zare, ɗinki ƙanana a jere irin na bakin hula. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta juya bayan ta taɓa ƙullin.

"Ɗana," ta ce wa mai rawani, muryarta ba rawa, "ina ka samo wagga?"

"Kuɗi yawo sukai, Inna."

"Wanda anka biya da ita fa? Sani sunanshi. Dogo, da tabo ga gira."

Ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya taka babur ya fita ta bayan tasha ba gaggawa. Na waiga in ga ko wani zai yi magana, kowa ya duƙufa kan abin da ke gabansa, har mai shayi yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Na tsaya da dubu ɗari da tamanin a hannu, ba ɗaya, ina jin kamar garwashi na riƙe. Sai a lokacin na gane dalilin arahar. Gonakin mutane ne da shanunsu da 'yan kunnen matansu nake ƙirgawa ina murna.

Gida

Mun bi ta Zurmi, don ba wata hanyar da kuɗin motarmu zai kai. Lafiya lau take, kamar yadda ya ce, kuma wannan lafiyar ta fi tsoratar da ni. Wannan karon Inna ta ga ƙauyen, ta ga turmin da taɓaryarsa, ta ga takalmin yana nan inda muka bar shi. Takardar na dunƙule a hannunta. Wajen Gurbin Ɓore na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana kallon taga.

"Ashe buhun ya kai."

"Ya kai, Inna."

"Sun amsa, sunka kashe kuɗinsu. Allah shi isam muna."

Ƙarfe huɗu da minti ashirin muka sauka a tashar Ƙaura. Na tsaya a masallacin unguwarmu, inda ake tara wa wasu bayin Allah kuɗin fansar 'yarsu, na juye dubu ɗari da saba'in da tara a tabarmar liman. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "Malam Bello, lahiya?" Na ce lafiya. Na san inda za su koma, amma ba zan iya sayen hatsin gidana da su ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Mamman da Alhaji Isuhu da suka riƙe amana ba takarda, da direbobin da ke bin wannan hanya kullum. Mai niyyar tafiya, ya yi canjinsa wurin wanda aka san gidansa, ko da ɗari ɗari za ta zuba. Har yau ba mu da labarin Sani, ku sa shi a addu'a.

Daga masallaci zuwa gidanmu akwai kwata da duwatsu. Na miƙa hannu zan kama kan sanda yadda na saba, na manta yanzu tana gani. Inna ta mayar da sandar hagu, ta kama hannuna da damanta, takardar na tsakanin tafinta da nawa. Ba ta sake ni ba har muka shiga zaure.