Shekarar da Muka Bar Ciyawa Don Katafila

Ranar kasuwar Roni ce. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora ruwan zafi don ƙafafun Inna. Inna uwar mijina ce. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, ba ta taka ƙasa sai an riƙe ta. Ina gasa mata su da tsumma tana yi mini tsiya, wai hannuna kamar na maƙeri. Na ce to a kira mata maƙerin ya zo ya ƙarasa. Ta yi dariya har da tari. Na dama koko, na ba 'yata Delu nata, na goya jaririna na shiga daka.

Maigidana yana Kano yana aikin gini. Lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, duk saurayin da ke da ƙarfin ɗaukar bulo ya bar ƙauye. Ƙanen maigidana Haruna ya ɗora wa jaki gyaɗa tun kafin rana ta fito, ya bi ayarin 'yan kasuwa. Kafin hantsi ƙauyenmu Dutsen Kirya ya zama garin mata da yara da tsofaffi, sai tsirarun maza da ke zaune a ƙofar Dagaci.

Wanda bai san garinmu ba, ga yadda yake. A gindin dutse muke. Ta arewa da gabas ciyawa ce, gamba da kyasuwa, daga kan tudu har bayan dangoginmu. Ta kudu akwai rijiya, gaba da ita kuma wani falalen dutse da muke kira fa, inda muke shanya. Tun kakanni, da an gama girbi sai a kira gayya. Maza su fito da fartanya su share ciyawar da ke tsakanin gari da daji, faɗin da wuta ba za ta tsallaka ba. Su tara ta su ƙone da yamma in iska ta kwanta, kowa da ɗanyen reshe a hannu. Mu mata mu kai fura. Aikin yini biyu ne, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya yi shi.

A wannan shekara ba a yi ba. Ba mantuwa aka yi ba, hanawa aka yi. Wani ɗan kwangila ya zo da mota fara, ya sha ruwa a zauren Dagaci, ya ce za a turo katafila ta yanke hanya ta kewaye gari, ta share bayan gari gaba ɗaya. Amma sai mai dubawa ya zo tukuna. Nan Dagaci ya yi wayonsa na banza. Ya sa aka yi shela kada kowa ya taɓa ciyawar bayan gari. Wai in mai dubawa ya tarar an share, zai ce ba mu da bukata, ya kai katafilar wani ƙauye. A bar ta ta yi tsawo, a bar ta ta yi muni, don baƙo ya tausaya mana.

Kun ji fa. Damina ta yi albarka bayan shekarun fari, ciyawa ta wuce kan mutum, muka zauna muna kiwonta kamar gonar gero. Wani dattijo ya share bayan gidansa, aka kira shi gaban jama'a aka ci masa mutunci, aka ce yana so ya toshe wa gari arziki. Daga shi ba wanda ya sake ɗaga fartanya. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Ciyawa ta bushe ƙamas. Muna ta jiran gawon shanu.

A ranar kasuwar nan, iska ta taso daga arewa da hantsi. Na kwashe shanyata don kada ta watse. Ana gab da azahar na ji ƙarar. Daga bayan dutse take zuwa, can ƙasa-ƙasa, gurnani mai nauyi da ba ya yankewa. Na tsaya da taɓarya a hannu. Sai hayaƙi ya leƙo ta kan tudu.

"Katafila! Katafila ta iso!"

Daga ƙofar Dagaci ihun ya fara. Yara suka ɗauka. Wata maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa. Dagaci ya shiga gida ya sako babbar riga, ya aika a kira makaɗi. Gangar nan da ake bugawa in gobara ta tashi ko ɓarayin shanu sun shigo, ita aka rataya aka fara kiɗan maraba. Mazan da suka rage a gari suka bi shi, suka nufi arewa, yara na tsalle a gabansu. Wallahi da idona na gani ta kan danga. Wuta suka tafi tara da kiɗa.

Ni ma na ɗan tsaya ina kallo, ba zan ce ban tsaya ba. Sai na ga shirwa sun cika sama suna shawagi a kan hayaƙin. Sai zomo ya faɗo tsakar gidanmu, ya bi ta tsakanin ƙafafuna bai ko kauce ba. Warin ya biyo baya. Duk macen da ta taɓa hura murhu da kara ta san wannan wari.

Gangar ta yi shiru.

"Wuta! Wuta! Ku fita!"

Na jefar da taɓarya. Na ƙara ɗaure goyo. Na fizgo Delu daga bakin turmi, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma, ta riga ta ji. Na durƙusa na sa kafaɗata a hammatarta. Muka miƙe, muka faɗi. Inna mace ce mai jiki, ni kuma ga goyo. Muka sake, muka sake faɗuwa, jaririn ya tsandara kuka. Babu jaki. Babu namiji. Na kama bakin tabarmar da hannu biyu na fara ja da baya.

Tsakar gida ta yi duhu da rana tsaka. Ɓurɓushin ciyawa mai ci yana sauka kamar fara. Harawar da muka jibge a kan rumfa ta kama. Na ja Inna ta zaure, gwiwarta ta bugi dokin ƙofa. Delu na riƙe da gefen zanena tana tari.

A waje kowa ta kansa yake. Awaki na gudu da guntayen igiya a wuya. Waɗanda ba a kwance ba suna ta kuka a turke. Na ga maza suna dawowa a guje daga arewa, makaɗin ya yar da gangarsa. Na kira su da sunayensu ɗaya-ɗaya. Wani ya wuce da buhu a ka. Wani ya wuce rungume da rediyo. Ban ga laifin mai ɗauke da 'ya'yansa ba, amma mai rediyon nan har ya mutu ban sake gaishe shi ba.

Dagaci ya zo wucewa, ya tattare riga a kafaɗa, hularsa ta faɗi.

"Ranka ya daɗe! Inna! Ka kama mini Inna!"

"Ku hau fa! Kowa ya hau fa!"

Abin da ya ce ke nan. Bai rage gudu ba. Mutumin da Inna ta yi wa uwarsa wankan jego.

Na ci gaba da ja. Tabarmar ta yage, na kama Inna ta hammata. Dangogi suka kama hagu da dama, kara na fashewa tas-tas-tas ba ƙaƙƙautawa. Zafin ya kai inda nake jin gashin hannuna yana ƙauri. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin bayana ya bugi kwamin shayar da dabbobi. Mun iso bakin rijiya. Wurin fili ne, ba ciyawa, ƙasar a jiƙe saboda zubar ruwa. Daga nan zuwa falalen dutse hawa ne, ta tsakanin duwatsu, inda ko mai ƙafa sai ya dafa.

Na jingina ta da kwamin. Akwai sauran ruwa a ciki. Na kwance mayafina na tsoma, na lulluɓe ta da shi. Na kamfato da hannu ina watsa mata. Na sake gwada ɗaga ta. Ƙafafuna suka ƙi. Sai Delu ta ƙwalla ƙara. Tartsatsi ya sauka a bayan rigarta. Na kashe da tafin hannuna.

"Talatu, ɗauki yaran nan ki tafi!"

"Inna, bari in..."

"Na ce ki tafi! Za ki kashe mini jikoki? Tafi!"

Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa daka mini tsawa ba sai ran nan. Ta ture ni da hannunta. Na ce mata yanzu zan dawo da maza. Na saɓi Delu a kafaɗa, goyo a baya, na kama hawa. Ƙaya ta shiga ƙafata ban ji ba sai washegari.

Falalen ya cika da mutane. Na sauke Delu, na kwance goyo na miƙa wa wata mata. Na bi mazan da ke wurin ina roƙo. Biyu kawai nake so. Biyu, su sauka bakin rijiya, ga ta can, ba nisa. Suka dubi ƙasa. Hayaƙi ya riga ya rufe hanyar, ko rijiyar ba a gani. Na juya zan sauka ni kaɗai. Mata suka taru suka danne ni. Na ciji wata a hannu. Ba su sake ni ba.

Daga nan sai ji. Rumbuna suna rushewa ɗaya bayan ɗaya, kowane da irin ƙararsa, dim. Randuna suna fashewa. Kukan awaki ya yi ta raguwa har ya ƙare. Wani tsoho ya kira sallar la'asar a kan dutsen, muryarsa na karyewa. Maza suka yi taimama suka jeru. Dagaci ya shiga sahun gaba. Ni ina kwance a ƙasa, ina kiran Inna har muryata ta dushe.

Bayan la'asar iska ta juya. Gurnanin ya yi yamma, ya bi gonaki. Da hayaƙi ya ɗan yaye na fizge na sauka. Ƙasa na ƙuna, na taka a haka.

Tana nan inda na bar ta. A zaune, jingine da kwami, mayafina a kanta ya bushe. Wuta ba ta taɓa ta ba ko kaɗan. Na yaye mayafin na kira ta. Na girgiza kafaɗarta. Akwai baƙi a hancinta da gefen bakinta. Hayaƙi ne ya ɗauke ta. Na gyara mata ƙafafu, na rufe mata ido, na zauna kusa da ita har 'yan kasuwa suka fara isowa. Haruna ya hango mu daga nesa, ya saki igiyar jakin.

Washegari aka taru a tokar zauren Dagaci. Ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, Allah ya sa kaffara ce. Aka shiga musun wanda ya sa wutar. Wasu suka ce masu farautar gafiya ne, wasu suka ce wani matafiyi ne ya yar da guntun taba. Ina ruwana da wanda ya sa? Kowace shekara ana sa wa dajin nan wuta, kowace shekara tana zuwa bayan gari ta tsaya, don ba ta samun abin ci. Wannan karon mu muka girka mata, muka zuba mata har bakin ɗaki. Mace ba ta magana a irin wannan taro, amma na tsaya daga bayan maza na ce Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya hana gayya. Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. E, ya taɓa ni. Har yau ban janye ba. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ba ƙaddara ce ta yi shela a bar ciyawa ba.

Mutum huɗu aka yi wa salla. Inna, da wani makaho da jikarsa da ta koma ɗauko shi, da wata mai jego da ba a ji ihunta ba. A gidanmu wuta ta ci rumbu biyu, akuya uku, ɗakuna duka.

Ba mu san layin da maigidana yake kwana a Kano ba, saƙon da aka aika bai same shi ba. Bayan sadakar bakwai ya sauko daga motar kasuwa da kansa, bai ji komai ba. Ya tarar da mu a ƙarƙashin rumfar zana da muka kafa a inda gidan yake. Ya tsaya ya dubi toka. Ya dubi Delu, ya dubi na bayana, ya dube ni, na ga leɓɓansa suna motsi yana ƙirga mu. A hannunsa akwai 'yar kwalbar man zafi da ya sayo wa ƙafafun uwarsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa.