Farar Motar Alhaji Yusha'u

Ranar da na fara taɓa motar Alhaji Yusha'u Juma'a ce, ina sanye da farar shaddata wadda ta sha guga tun safe. Na tarar da shi a ƙofar shagonsa na goro ya ɗaga bonet yana leƙe. Ni da ko keke ban taɓa mallaka ba, sai na ce masa ya matsa ya ga aikin masana. Na zaro sandar auna man inji, na ɗaga ta sama ina nazari. Na sha ganin makanikai suna goge ta kafin su mayar, don haka na goge ta tsaf a hannun rigata. Da wannan tabon na shiga sahun masallaci, har na kusa da ni ya tambaye ni ko na canza sana'a.

"Bazazzagi ke nan," in ji Alhaji. "Ga tsumma a gabanka, ka zaɓi shadda."

Shi Bakano ne, ni kuma iyayena Zazzagawa ne, ko da yake a nan unguwar Sabo ta Ibadan, wato Badun, aka yanke mini cibiya. Tsakaninmu akwai wasa, ba a fushi, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba.

Yana saurayi ya zo garin nan a saman motar shanu, daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta. Da dakon huhun goro ya fara, ya koyi zaɓe, ya koyi ɗauri, har ya zama in ya riƙe ƙwaya ɗaya a hannu sai ya faɗa maka ko akwai tsutsa a ciki. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa Mariya ce ta raine shi. Ita ta rako shi bakin titi ranar tafiyar, ƙunshin kayansa a kanta. Da ya hau, sai ya leƙo ya ce mata wata rana da tasa motar zai dawo, kuma a gaba za ta zauna.

Ya sha zuwa gida bayan nan, amma kullum a motar haya. Duk zuwan da ya yi, kafin ta amsa sallama sai ta leƙa bayansa ta ce, "Ɗan Badun, ina ka ajiye motar?" Su yi dariya. Ya ce mini tun yana dariyar da gaske har ya koma yana yin ta don kada ta gane.

Bara 'ya'yansa suka haɗa ƙarfi da shi aka sayo mota, fara, sabuwa dal, ba tokumbo ba. A daidai lokacin kuma labari ya zo daga gida cewa idon Yaya Mariya yana tafiya. Likitoci a Kano sun ce ba irin wanda ake kankarewa ba ne, sai dai a rage masa gudu. Kowa a layinmu ya san abin da ke ran Alhaji: ta ga motar nan da idonta kafin ya rufe.

To, wanda ya miƙa masa makulli ya ce kada ya ɗauki doguwar hanya sai an yi mata sabis na farko, in mita ta nuna kilomita dubu. Alhaji ya riƙe wannan magana gam. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ganin yadda goron da aka ɗaure da gaggawa ke isa Kano a ruɓe, ba ka isa ka sa shi sauri a kan kaya ba. Ɗansa Abdulrahman ya ce a ba shi ita ya yi ta zirga-zirga zuwa Oyo, cikin 'yan kwanaki lambar ta cika. Alhaji ya ce sabon inji ba na ƙafar yara ba ne. Kasuwar Dugbe kuwa ba ya shiga da ita, saboda 'yan okada. Mokola ma in gosulo ya haɗu, gara ya hau keke napep ya bar ta a rufe da tamfol.

Hanya ɗaya ya yarda da ita: Sabo zuwa Ojoo, ya dawo.

Da safe zai yaye tamfol, ya duba mai, ya duba ruwan lagireto, ya bi tayoyi yana danna kowacce da babban yatsa, kamar yadda yake bin goro yana juyawa. Ya tayar da ita ya tsaya ya karkata kai yana sauraron inji. Ledar kujerar gaba kuwa ya hana a cire, ya hana a zauna, ko Hajiyarsa a baya take shiga. Ni ma da nake rakiya a baya nake hakimcewa, ina ɗaga wa 'yan unguwa hannu, shi yana ja na a hankali har masu tura baro suna neman wuce mu.

A Ojoo yakan tsaya daf da motocin Arewa. Ya sayi shayi, ya zauna cikin direbobi yana tambayar hanya. Ina ya fashe bayan Jebba? A Mokwa ana samun mai mai kyau? An yi ruwa a Ɗambatta? Gero ya fitar da kai? In mota ta cika ta tashi, sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Wata rana na ce, "Alhaji, ga hanya, ga mai a tanki, mu bi su mana." Ya leƙa mita, ya juya kan mota zuwa Sabo.

Haka azumi ya wuce, damina ta yi nisa, kafin lambar ta cika. Ranar sabis ya yi wanka ya sa babbar riga, ya cika leda da farin goro na makanikai. A garejin da aka ce a kai ta muka tarar da Kamal, ɗan unguwarmu da ke aiki a can. Ya duba mita, ya tambayi lokacin da aka saye ta, sai ya dafe kai.

"Haba Baba! Ai ba lamba kaɗai ake jira ba. Ko ba ta cika ba, in watannin farko sun wuce kawo ta ake yi. Tun kafin azumi ya kamata mu gan ku."

Na buɗe baki zan yi tsiya, na ga fuskar Alhaji, na mayar na rufe. Ya zauna a benci ledar goro a cinyarsa. Aka juye mai, aka canza filta, aka duba burki, aka bi notuna aka ɗaure. Aikin da ya yi watanni yana jira bai kai mu azahar ba.

A makon ne Zulfa, 'yar Yaya Mariya, ta kira. Idon ya rufe. Sai dai ta bambance rana da duhu. Ita Yayar ta karɓi wayar, muna jin muryarta daga inda muke zaune: "Ɗan Badun, ka taho ko a kan jaki ne, ni kai nake jira."

Ana gobe zai tafi na same shi a ƙofar gida. An sa safaya da jak a but, ga huhun goro, ga atamfofi, Abdulrahman zai raka shi su riƙa karɓar juna a tuƙi. Shi kuwa ya tuɓe riga yana ta murza wa motar man ƙyalli, ƙofa bayan ƙofa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Shirun ya yi mini nauyi, kuma bakina bai iya zama ba. Na jingina da motar na ce, "Bakano, wannan wahala duk ta mece ce? Ƙyallin nan wa zai gani?"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Shafa ta za ta yi, tun daga fitila har but, kuma hannunta ya fi idonka gani. Ɗauke mini gwiwarka daga jikin motar mutane."