Kira daga makarantar Auta

Shekara goma sha uku Maman Biyu ta yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma duk jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ita ake kira ta nemo. Tun asuba take tsaye. Ta ɗora girki, ta yi wa 'yan biyu da Auta wanka, ta nemo safar da kullum sai ƙafa ɗaya ta ɓata, ta ajiye wa surukarta maganin hawan jini kusa da kofi. Maigidan kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, aikinsa na safe shi ne tambayar ina makullin mota.

Da aka ce za a naɗa shugaban sashe, kowa ya san kujerarta ce. Ganawa kawai ta rage, ranar Talata ƙarfe sha ɗaya. Tun Lahadi ta roƙi maigidan, don girman Allah, ranar nan ɗaya ya ji da yaran. Ya ce ba komai.

Sha ɗaya saura kwata, tana kan benci a ƙofar ofis, wayarta ta yi ƙara. Makarantar Auta ce: yarinya ta faɗo daga lilo, goshi ya fashe, a zo yanzu. Ta ce su kira babanta mana, ofishinsa yana bayan katangarsu.

"Ai mun ga kada mu dame shi," in ji malamar. "Yana wurin aiki."

Ita kuma ina take, gidan biki? Ranta ya ɓaci. Sau huɗu ta kira shi, wayar na shiga ba a ɗauka, ashe yana taro. Haka ta tare mota ta tafi da farar rigar aiki a jikinta. Ɗinki uku aka yi wa Auta.

Ƙarfe ɗaya ta dawo ta tarar an tashi. An ba wani da ita ta koya wa riƙe sirinji kujerar. Babban likita ya ce wai tausaya mata suka yi, hidimar gida ta yi mata yawa.

Da yamma maigidan ya duba goshin Auta, ya ce ɗinkin ya yi kyau. Ta gaya masa kujerar ta wuce ta. Ya girgiza kai, da gaske abin ya dame shi.

"Kash, ashe yau ce? Ke ma ai da kin tuna min."