Ranar da Aka Haɗa Na'urorin Anti da Intanet

Gyaran rediyo ta koya a hannun mahaifinta, tun tana 'yar makaranta. Da ya rasu ya bar mata shago mai ɗaki biyu a ƙasan wani bene, da akwatin kayan aiki wanda murfinsa ba ya rufuwa sai an danna da gwiwa. Rediyo ya daina kawo mutane, sai ta koma buɗe na'urorin gem, wato na wasan bidiyo. Daga gyara ta shiga musayar faifai: wanda ya gama wasa ya kawo nasa, ya ɗauki na wani. A ɗakin ciki ta jera talabijin biyar da benci biyu, inda direbobi da ɗaliban jami'a da wani tela mai yawan gardama suke buga ƙwallon gem da yamma.

Anti Ba-Yanzu-Ba suke kiran ta, amma a bayan idonta. Duk lokacin da na'ura ta nemi a sabunta ta, maɓallin "ba yanzu ba" take dannawa. Tana da dalili. Shekarun baya wata sabuntawa ta sa na'urorin mutane suka daina karɓar tsofaffin faifai, kuma ita aka zo aka zazzaga wa masifa, ba kamfanin ba.

A farkon wata shekara kamfanin ya fito da sabuwar doka. Faifai zai zama na wanda ya fara saya shi kaɗai, ba aro, ba musaya. Na'ura kuma dole ta leƙa intanet kullum, in ba haka ba ta ƙi aiki. 'Yan gem na ko'ina suka yi caa. Kwana tara ana zagi, sai ga wasiƙar kamfani: mun ji kukanku, mun janye, ku sabunta na'urorinku ku ga kyaututtukan da muka tanadar muku.

Ƙaninta, wanda ke kula da ɗakin ciki tun da aka rufe masana'antar da yake aiki, shi ya karanta mata a wayarsa.

"Yaya, sun fa ba da haƙuri."

"Na ji. Kwana tara da suka wuce su waye suka ce ba makawa?"

"To mutum ba ya yin kuskure ya gyara?"

"Mutum yana yi. Wannan kuma zama suka yi a ofis suka tsara, ba suɓutar baki ba ce. Abin da ya tsorata su shi ne mutane sun fasa sayen sabuwar na'urarsu. In sun janye da gaske, me ya sa sai na buɗe musu ƙofa sun shigo tawa? Kar ka taɓa mini ko ɗaya."

Ranar Laraba ta kai mahaifiyarsu ganin likitan ido. Ta dawo wajen ƙarfe uku, ta tarar da ɗakin ciki cike da mutane amma tsit, ba ihun cin ƙwallo. A kan talabijin uku akwai farin layi yana tafiya a hankali, da gargaɗi a ƙasa: kada a kashe na'ura.

Jakarta ta zame daga kafaɗa.

"Wa ya ba ka izini?" ta tambayi ƙaninta.

"Su suka matsa, Yaya. Sun ce shagon bayan tasha ya sabunta tun jiya, 'yan wasan da ke namu tsofaffi ne."

Ta miƙa hannu wajen soket, sai ta tsaya. Ta fi kowa sani: in aka yanke wuta a tsakiyar wannan aiki, na'urar ta zama dutse, ba za ta sake aiki ba. Sau nawa aka kawo mata irinsu ta girgiza kai.

Layin bai kai rabi ba fanka ta fara rage gudu. Ƙwan fitila ya yi ja, ya dawo, ya sake yin ja.

"Janareto!" ta ce. "Tashi, me kake kallo?"

Ƙanin ya ruga bayan shago. Ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, shiru. Anti ta jawo ƙaramin batirin da take gwaji da shi daga ƙarƙashin tebur, ta durƙusa a kan siminti tana warware wayoyi don ya riƙe na'urorin in wuta ta ɗauke, zufa na shiga mata ido. Tela ya haska mata da fitilar wayarsa.

"Anti, wai ke da ba kya so, ke ce kuma..."

"Malam, riƙe fitilar daidai ko ka ba wani."

A ja na biyar janareton ya kama. Ta tsaya da hannu a kan makunnin canja wuta zuwa janareto. Fanka ta tsaya cak, ta danna. Talabijin ɗaya ya ƙifta. Wani direba ya yi salati da ƙarfi. Hoton ya dawo, layin na nan inda yake, yana ci gaba.

Layin ya kai ƙarshe, aka gama sabuntawa. Ta ɗauko faifan da ya zaga hannun mutum kusan goma, mai karce a gefe, ta saka. Na'urar ta yi ƙara, ta yi shiru, ta daɗe. Sai ga filin ƙwallo kore shar. Ɗakin ya ɓarke da tafi.

"Kin gani ko, Yaya?"

Ita kuwa ta karɓi hannun gem, abin da ake dannawa a yi wasa, ta buɗe dogon rubutun sharuɗɗan da ba wanda yake karantawa. Ta yi ta gangarawa har ta tsaya a wani layi, ta ce wa ƙanin ya karanta da ƙarfi. Ya karanta: kamfani na da ikon canja waɗannan sharuɗɗa a duk lokacin da ya ga dama.

"Ai kowane kamfani haka yake rubutawa," in ji shi, amma muryarsa ta sauka.

Kwana biyu ba su yi wa juna magana ba sai ta aiki. Na'urori biyun da suka tsira ta kwashe su zuwa ɗakin gyara, ta liƙe ramin wayar intanet ɗinsu da salatif. Ukun kuma suka ci gaba da aiki lafiya lau, wata da watanni, kuma tela bai bar ta ta manta ba ko sau ɗaya.

Kamfanin bai dawo da dokar ba. A ƙarshen shekara dai ya fito da wata na'ura mai araha, siririya, wadda ba ta da wurin saka faifai sam, balle a yi maganar musaya. Ƙanin ne ya fara ganin hoton. Ya daɗe a bakin ƙofar ɗakin gyara kafin ya miƙa mata wayar.

Ta sa tabarau ta duba gaba da bayan na'urar a hoton, ta mayar masa da wayar.

"Za su saye ta," ta ce. "Nemo mini yadda ake buɗe ta. Wannan fankar da na gani ba za ta yi shekara ba."