Saƙo na Biyu a Radiyon Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, saboda shi ne ɗanta na fari. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Ko waya ya kira daga wani gari aka miƙa mata, sai ta kau da kai ta ce hannunta da aiki. Haka iyayenmu mata suka tashi a Matameye, ba a nuna wa ɗan fari so a gaban mutane. Ni kuwa auta ce, ni ake kira da suna har a haɗa da zagi, kuma ni ce mai bakin gidan. Na sha ce mata, "Haba Inna, ɗanki ne fa, ba surukinki ba." Sai ta ce in tashi in ba ta wuri.

Shekarar da mazan garinmu suka yi ta kwarara Jado haƙar zinariya, Yaya ya ajiye sana'arsa ta sayar da rake ya bi su. Bayan tafiyarsa tansiyo, wato hawan jini, ya kayar da Inna, bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki. Da kyar bakin ya dawo daidai, hannun kam bai gama dawowa ba. Likita ya ja ni gefe ya ce in ta sake faɗuwa ba lalle ta tashi ba, don haka kada a bari mummunan labari ya same ta bagatatan. Lokacin aurena ya mutu ina zaune a gida, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, saboda haka tsaron kunnen Inna ya dawo kaina.

Don ta rage zaman tunani na saya mata ɗan radiyon nan mai cin memori, ja, bai fi sabulun wanki girma ba. Aka ɗura mata karatun Alƙur'ani da wa'azi. Abin ba shi da wata dabara. Akwai makunni a gefe, da ɗan gilashi mai nuna lamba kawai, da maɓallai ƙanana. In abu ɗaya ya ƙare, da kansa yake wucewa na gaba, ba ya tsayawa ya tambayi kowa. Ba a iya goge komai da shi. Maɓallin ƙara murya shi ne na tsallakewa gaba, na rage murya shi ne na komawa baya: in ka danne ka riƙe, murya ce, in ka taɓa ka saki, ya yi tsalle. Wanda ya ƙera shi dai Allah ya shirye shi. Akwai kuma maɓallin maimaitawa, wanda ke sa abu ɗaya ya yi ta zagayowa, amma da zarar an kashe radiyon ya manta da zancen.

Wata Asabar da hantsi, bayan an gama cirar gyaɗa, muna tsakar gida muna ɓara, aka yi sallama a zaure. Wani mutumin Yauri ne da suka yi aiki tare da Yaya. Kafin in ƙarasa wurinsa ya riga ya ɗaga murya.

"Inna, ɗanki yana gaishe ki! Ya aiko miki da muryarsa a memori!"

Inna ta amsa gaisuwar daga inda take, ba ta tambayi komai ba. Da na isa zauren, mutumin ya ciro memorin daga cikin wata 'yar leda, ya sa mini a hannu, ya rage murya ya ce, "Saƙo biyu ne. Na farko nata, na biyu naki. Ya ce ki ji naki ke kaɗai." Bai yarda mun haɗa ido ba. Ko ruwan da na kawo bai sha ba, ya ce motar Yauri za ta tashi.

Na karɓo radiyon da sunan zan sa memori, na koma zaure na kara shi a kunne. Na farko gaisuwa ce. Yaya yana ta zuba, lafiya lau yake, aiki da godiya, a gaida maƙwabta gida-gida, yana nan tafe ba da daɗewa ba. Ya rufe da, "Allah ya bar mana ke, Inna." Aka yi ɗan shiru, lamba ta juya daga ɗaya zuwa biyu.

"Auta, wannan naki ne ke kaɗai. Nemi wuri ki zauna. Ban kira ki a waya ba don na san halinki, kina ji za ki ƙwala ihu a tsakar gida. Rami ya rufta da mu. An ciro ni da rai, alhamdu lillahi, amma ƙafa ɗaya ba ta yi ba, an yanke ta daga gwiwa. Ina Agadas ina jinya, wurin yana warkewa. Kada Inna ta ji. Ki bari sai na iso ta gan ni da idonta ina magana ina dariya, sannan ta ga sauran."

Ya yi gaskiya, ihun ya zo. Cusa gefen mayafina na yi a baki na cije. Bayan kukan sai haushi ya taso mini. Wane irin mutum ne zai haɗa saƙon nan biyu a memori ɗaya, ɗaya na bin ɗaya? Da yana gabana, da ƙafa ko babu ƙafa, sai ya ji bakina. Wayata kuma 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta cin memori balle in goge. Wata ƙawata tana da mai ci, amma tana can wata unguwa, ga Inna ta riga ta ji da kunnenta cewa an kawo murya.

Na wanke fuska da ruwan da baƙon ya bari, na shiga da shirina. Ni zan riƙe radiyon, in kunna mata na farko, yana ƙarewa in kashe in zare memorin.

"Inna, ga saƙon Yaya. Bari in sa miki."

"Ajiye shi can," ta ce, ba ta ɗago daga gyaɗar ba. "Ni ba ni da lokacin surutun yara."

"Ɗan kaɗan ne fa."

Na kunna. Muryarsa na fitowa ta miƙe ta nufi wurin awaki, wai ta ji kamar ɗaya ta kwance. A nan na gane shirina ya rushe. Inna ba za ta taɓa zama ta saurari ɗan farinta ina kallon fuskarta ba. Ita kaɗai take so ta ji shi, a bayan labule.

"To bari in riƙe shi sai kin samu lokaci," na ce.

"Radiyon naki ne?"

Dole na canza dabara. Na mayar da shi kan na farko, na danna maɓallin maimaitawa, na duba gilashin na sake dubawa, na kai shi ɗakinta yana magana ƙasa-ƙasa na ajiye a kan gado. Na fito na shara mata ƙarya.

"Kada ki kashe shi, Inna. Irin wannan saƙon, ana kashe radiyo gogewa yake."

"Ya goge mana," in ji ta.

Ta koma ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji komai ba. Can ta ce ba ta san inda ta ajiye carbinta ba, alhali yana wuyanta. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na jawo tabarmata kusa da ƙofar, gyaɗa a gabana, kunnena a ciki. Na ji ta ƙara murya kaɗan. Yaya ya gaida maƙwabta, ya zo kan "Allah ya bar mana ke, Inna," sai shirun nan. Wallahi duk sanda ya zo wurin nan numfashina tsayawa yake. Sai in ji "Salamu alaikum, Inna," in sauke ajiyar zuciya. Haka muka yi ta yi, shi yana zagayowa, ni ina mutuwa ina farfaɗowa. Ina zuba ɓawo cikin ƙwarya, ina watsar da ƙwayar a ƙasa, kaji suna ta biki. Tsorona biyu ne, kada yatsanta ya zame a kan maɓalli, kada kuma batir ya mutu ta ce a yi caji a sake kunnawa. Na yanke cewa da ta fito zan ɗauke memorin in ruga gidan ƙawata.

Sai ladan ya kira azahar, na ji ƙas, radiyon ya yi shiru. Innalillahi! Na lissafa komai ban da wannan. Inna ba ta barin wani sauti ya hau kan kiran salla, ko karatun Alƙur'ani ne kashewa take yi, balle muryar ɗanta. Maimaitawar da na sa ta tafi ke nan. Duk sanda aka sake kunna shi zai fara daga na farko, ya wuce na biyu kai tsaye.

Ta fito da buta. Na yi wuf na faɗa ɗakin, na duba gado, na ɗaga matashi, babu radiyo. Da na leƙo sai na hango tudunsa a ƙugunta, ta soke shi a zane.

"Inna, kawo in sa miki caji."

"Bai ce miki yana jin yunwa ba."

"Ai na gaya miki in aka kashe ya goge. Kawo in duba ko ana iya gyarawa."

Ta dube ni da gefen ido. "Ke yau me ke damunki da radiyon nan? Je ki yi salla."

In na ƙara matsawa za ta gane akwai wani abu. Na yi alwala. Na san Inna da dogon lazimi bayan salla, na ce kafin ta gama na riga na idar, in shiga in zauna mata a kai ko za ta zage ni. Na tayar da salla a ƙofar ɗakina. Ina raka'a ta uku na ji ƙas, sai "Salamu alaikum, Inna." Yau babu lazimi. Abin da na karanta a sauran sallar nan Allah kaɗai ya sani, shi ne kuma zai yafe mini. Ina tahiya, Yaya yana gaida gidan liman. Ina yin sallama, ya kai gidan mai nama, wanda shi ne na kusa da ƙarshe.

Na ruga na yaye labulen ba ko sallama. Tana zaune a kan abin salla, ta manna radiyon a kunne, hawaye sun jiƙa mata fuska har wuya. Ta gan ni ta firgita kamar na kama ta da abin kunya. Ta yi sauri za ta rage muryar, amma yatsan bai riƙe ba, taɓawa ya yi ya saki. Radiyon ya koma baya, kuma in aka koma baya daga na farko, na ƙarshe ake faɗawa.

"Auta, wannan naki ne ke kaɗai."

Na kai hannu. Ta janye shi zuwa ƙirjinta da hannunta mai lafiya.

"Inna, don Allah, don Annabi, ba naki ba ne!"

"Bari."

"Likita ya ce..."

"Na ce ki bari."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Na durƙusa a gabanta. Yaya ya faɗi ramin, ya faɗi ƙafar, ya ce kada Inna ta ji, ita kuma tana ji. Ni ba shi nake sauraro ba, bakinta nake kallo, ina jiran in ga gefen ya fara ja. Ina kallon hannun hagun da ke kan cinyarta. Na riga na shirya wanda zan ƙwala wa kira ya nemo mota.

Saƙon ya ƙare, radiyon ya zagayo kan "Salamu alaikum, Inna," da muryar nan mai fara'a. Ta miƙo mini shi. Bakinta yana nan daidai.

"Wace ƙafar?" ta ce.

"Bai faɗa ba."

"Mayar da shi wurin. Wataƙila ya faɗa ba mu ji ba."

Radiyon ba ya komawa tsakiyar magana, sai dai a ɗauko ta daga farko. Na sa mata na biyun, muka sake ji tun daga "nemi wuri ki zauna". Ta ce in ƙara, na ƙara. Ƙafa ɗaya kawai ya ce. Ta miƙe ƙafafunta a kan abin salla, ta shafa gwiwar dama, ta shafa ta hagu. Na kawo mata maganin tansiyonta da ruwa, ta sha ba gardama, abin da ba ta saba ba.

Na fara ba ta haƙuri ina kuka, ina cewa ai ya ce wurin yana warkewa, ai da ransa. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta leƙa tsakar gida ta ƙofar, wajen ɗakin da ke kusa da zaure wanda yake rufe tun tafiyar Yaya.

"Gobe ki kira magini," ta ce. "Dokin ƙofar ɗakin can ya yi tsawo. A rage shi."