Bel ɗin da Baba Ya Ɗinke da Waya

A gidanmu na Kafanchan, can bayan layin dogo, ba a tatsuniya sai Kaka ta ga dama. In ta sauke tuwon acca ta bar garwashi a murhu ba ta yayyafa masa ruwa ba, to mun san yau akwai. Sai mu jawo 'yan kujerunmu mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu. Kaka ita ta haifi Babanmu. Hausarta ta kasuwa da coci ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, amma in ta kama labari ko mai shela bai fi ta jan kunne ba. Tatsuniyoyinta da yawa sun bi ruwa a kaina. Ɗaya ce ta ƙi tafiya, wadda ta yi mana a shekarar 1988, ina 'yar shekara tara, lokacin da Baba ya tayar da injin.

Injin goge katako ne, gadon kakanmu mijin Kaka, wanda ya yi aikin kafinta har ya tsufa. Baƙin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, da tayoyi biyu da ake ɗaura wa bel mai kaushi. Bel ɗin na gudu, kafinta na danna katako a kai, sai ya fito sumul. Tun rasuwar kakanmu yake rumfa lulluɓe da buhu, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Baba, wanda shi ma kafinta ne, ya gaji da guga da hannu, ya ce sai ya tashe shi. Wata uku yana wanke tsatsa da kananzir. Ya je Jos ya samo boris ɗin da tayoyin ke juyawa a kai, ya kai motar lantarkin injin aka sake naɗa mata waya. Ranar da injin ya tashi, ƙararsa ta sa karen maƙwabta ya kwana a waje.

Saura bel, kuma nan gizo ke saƙa. Baba ya je wurin Papa Ngozi mai shagon kayan gini, na bi shi don a saya mini alewa. Mutumin ya auna tsohon bel ɗin da ya ruɓe, ya girgiza kai.

"Oga Bitrus, wannan sayiz ya tafi tare da Turawa. Na tambaya Kaduna, har Anacha na aika. Babu shi."

Baba ya sayi sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, fale-fale, ya yanka, ya manna da gam. Ya ɗora, ta yi ɗan gudu, ta tsinke a wurin haɗin. Ya sake, ta sake. A karo na uku ya yi jifa da ita har ta faɗa cikin randa. Babana mutum ne mai taurin kai, kuma ba zan zage shi da yawa ba, don ni na gaje shi kaf. Ya samo tsohuwar tamfol ta babbar mota, ya yanka daidai faɗin tayoyin. Ya dafa gam na fatar shanu, ya daka kwalabe a tsohon turmi, ya tankaɗe, ya barbaɗa a kai. Wurin haɗa bakunan tamfol ɗin biyu kuwa bai yarda da gam ba. Ɗinke su ya yi da wayar birkin keke, layi biyu.

"Wannan," in ji shi, "ko jikokina ba za su ga tsinkewarsa ba."

Kaka na zaune tana tsince wake. Na ga hannunta ya tsaya cikin faifai, ta daɗe tana kallon ɗinkin nan. Ta buɗe baki, ta kalli Mamanmu, ta kalle mu, ta rufe. A wurinmu uwa ba ta gyara wa ɗanta mai iyali a gaban matarsa da 'ya'yansa, kuma mace ba ta sa baki a rumfar aiki. A lokacin ban san wannan ba. Na dai ga yammar nan ta bar garwashi, ta kuma juya kujerarta tana fuskantar rumfa, inda Baba ke shafa wa injin mai.

"Ku matso, ya iso," ta ce, da murya sama da yadda ta saba.

"Ta zauna mu ji ta," muka amsa.

Wai an yi wani masassaƙi da ke goge turamensa da ganyen ɓaure mai kaushi. Ganyen ba ya jimawa, turmi ɗaya sai ya cinye kwando guda, kullum yana hanyar rafi yana mita. Ran nan ya tarar da wata tsohuwa a gindin ɓauren, ta miƙa masa ɗan baƙin dutse, ta ce wannan ba ya cinyewa har abada. Amma ta ce ya sani, duk abin da ke cin itace, shi ma cinyewa yake yi. In bai cinye ba, to wani abu ne ke cinyewa a madadinsa. Masassaƙi ya yi dariya ya karɓa. Turamensa suka riƙa sheƙi, mutane na zuwa daga garuruwa. Sai wata safiya ya duba tafin hannunsa, zanen nan da kowa ke da shi babu. Bai kula ba. Bayan kwana kaɗan farce ya tafi. Bayan wata, gaɓar farko ta yatsu.

"Kuma ba jini," in ji Kaka, ta ɗaga hannunta a hasken wuta tana lanƙwashe yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Ba zafi. Matan shi ya kawo tuwo, ya miƙa hannu zai ci, babu abin da zai ɗauka da shi. Dutse kuma yana nan sabo fil."

Ƙanwata ta ɓoye hannayenta a hammata. Ni kaina tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a tatsuniya ba, don babu dodo a ciki balle a kashe shi. Muka jira ta rufe da 'yar waƙar da ta saba, ba ta rufe ba. Daga rumfa Baba ya yi dariya.

"Mama, kina tsorata mini yara."

"Yara sun ji," ta ce. "Manya ne ban sani ba."

Washegari Asabar ce, aka kawo wuta da hantsi. Ina wanke-wanke na ji injin ya tashi, da wani ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ɗinkin ya zagayo. Baba ya goge katako ɗaya, ya ɗaga shi sama yana nuna wa Mama. A na biyu ne ƙarar ta canza, ta yi ƙasa kamar mota a tudu. Bakin wayar ya kamo hannun rigarsa ya ja shi tsakanin bel da ƙarfe. Kafin Mama ta kai ga makunni, yatsu uku na hannun damansa sun tafi. Da aka wuce da shi asibiti na leƙa rumfar. Bel ɗin na nan a ɗaure, ko zare ɗaya bai saki ba.

Daga ranar Kaka ba ta sake barin garwashi ba. Tana sauke tukunya take kashe wuta.

Sai bayan shekara takwas, ina shirin tafiya makarantar koyon jinya, na sami ƙarfin tambayarta ko ta san abin da zai faru. Ta ce shekara ashirin ita ke dafa wa kakanmu gam. Shi da gangan yake haɗa bel da gam kaɗai, don in wani abu ya maƙale, haɗin ya tsinke kafin hannu. Tsinkewar da ta ba Baba haushi, ita ce mai gadinsa.

"To me ya hana ki faɗa masa haka, Kaka?"

Ta dube ni, ta ce:

"Kunya, Saratu. Na ba shi tatsuniya, alhali mari ya kamata in ba shi. Da ya yi fushi kwana biyu, da hannun shi cikakke."

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan na masu taurin kai ne, masu son abin da ba ya ƙarewa. Yanzu na san rabinsa na masu shiru ne. A wurin aiki ana ce mini mai baki, don in na ga abin da zai cuci mutum ba na kewaye-kewaye, ko da ya girme ni, ko da a gaban iyalinsa ne. Ba na jin haushin sunan. Baba ya rayu har ya ga jikokin da ya ambata, kuma duk wanda aka haifa, da yatsu biyu ya shafa masa kai.