Ruwan da Motata ke Sha

Shekarar da ciwon suga ya kama Inna, ina koyarwa a Tawa, ita kuma tana gida a Bambeye tare da ƙanwata. Likita ya ce a riƙa kawo ta duk bayan mako biyu, kada a tsallake. Ina da wata ƴar tsohuwar mota da ta gama wahala a Turai kafin ta iso hannuna, da ita nake ɗauko ta.

Sai motar ta fara shan ruwa. In cika lagireto yau, bayan kwana uku ya ragu. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo babu. Wani bakanike ya sauya tiyo, wani ya zuba garin taba wai zai toshe inda ke yoyo. Toshewar lafiya! Na koma yawo da jarka biyu kamar mai tallar ruwa, ina tuƙi ina harara allurar zafi.

Ana cikin haka Inna ta ce ita ta daina zuwa asibiti. Ba dalili, ba bayani. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗi, balle ta zauna ta buɗe mini cikinta. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa a tsakar gida, na ce in lalacewar mota take tsoro ai ba ta taɓa barinmu a daji ba. Ta sunkuyar da kai tana tsince wake. Sau biyu ranar likita ta wuce, ƙafafunta suka fara kumbura.

Na ɗauka in motar ta gyaru za ta yarda, don haka na kai wa wani tsohon bakanike ɗan Maraɗi. Bai ko buɗe gaban motar ba. Ya buɗe ƙofar fasinja, ya durƙusa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Jiƙe take sharkaf, ruwa ja-ja mai tsatsa.

"Malam, ga ɓarawonka nan," in ji shi. "Motocin Turai suna da wani ƙaramin lagireto a ciki, na ɗumama mutane lokacin sanyi. Shi ya tsage. In injin ya yi zafi, sai ya riƙa ɗigo a ƙafar wanda ke zaune nan."

Na ce, "Ɗumama mutane? A Adar, ƙasarmu mai zafin nan?" Ya yi dariya, ya cire tiyo biyu ya haɗe su da juna, ruwa ya daina bi ta can. Ko rabin awa bai yi ba.

Ranar na wuce Bambeye da murnata, na ba ƙanwata labari a bakin zaure. Maimakon ta yi dariya sai ta dafe ƙirji.

"Yaya, ruwan da ɗumi yake?"

Na ce da ɗumi mana.

Ta ce, "Wayyo Inna!" Sannan ta gaya mini abin da aka ɓoye mini. Duk tafiya Inna kan sauka da bakin zane a jiƙe, ta ɗauka fitsari ne ke kufce mata ba ta sani ba, a motar ɗanta, a gefen ɗanta. Ranar tafiya ko ruwa ba ta sha tun asuba. Da abin ya ƙi tsayawa, ta zaɓi ciwon a kan kunyar.

Ni da na tsaya ina yi mata tsawa!

Ba maganar da zan iya yi mata ido da ido ba ce. Na shiga tsakar gida, na tsaya inda za ta ji, na shiga zagin motar ina kallon ƙanwata. Na ce shegiyar mota, wata uku tana zuba wa mutane ruwan zafi a ƙafa, har wani abokin aikina ya sauka da wando a jiƙe. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Inna tana ɗaki. Can sai na ji muryarta, ƙanwata take wa magana.

"Ke, tambaye shi, an gyara?"

Na ce an gyara, Inna.

Ta ce, "To, ce mishi ya zo da wuri ran Talata. Ki kuma miƙo mini ruwa in sha."